Humra Ba Ta Hawa Jirgi

Sabon Birni

Zuwa ga Yaya Hajjo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kasuwa lafiya, yara lafiya. Tun da aka yanke layin waya sai takarda, don haka na ba direban motar garinku Isa wannan.

Yaya, kin ji abin da ya samu maigidana a Jidda. Ƙaninsa Marwan da ke can tare da shi ya aiko ta bakin masu dawowa daga Sakkwato cewa ya farfaɗo daga faɗuwar da ya yi a wurin gini, amma idanu kawai. Ba ya gane kowa, ba ya magana, abinci sai an ɗura masa. Likita ya ce a kawo masa abin da ya saba da shi, ko Allah zai sa hankalinsa ya dawo. Sun gwada muryata da ke cikin wayarsa, bai ko juyo ba.

Ni na san abin da zai juyo da shi: humrata. A littattafan da nake karantawa sau da yawa ƙamshi ne ke tada wanda ya manta kansa. Kada ki yi dariya. Ga kwalba nan na naɗe cikin zane, wadda na haɗa da farcen turare da miski irin ta amarcinmu. Ke ce mai zuwa Kano saro atamfa, kin san masu aika kaya waje. Don girman Allah ki samo mini hanya mafi sauri.

Ƙanwarki,
Lailatu

Isa

Lailatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya ba Kalilu lafiya, ya ba ki haƙuri.

Ban yi dariya ba, ko da yake littattafan nan naki sun isa su ba mutum. Na je Kano, na zaga. Masu aika kaya ta jirgin sama suka buɗe kwalbar, suka sansana, wani har da lumshe ido, sannan suka miƙo mini abata. Wai akwai madarar turare a ciki, abu ne mai kama wuta, sai da takardun kamfani da gwaji. Na ce kamfanin tana Sabon Birni tana kuka. Masu jirgin ruwa sun yarda, amma sai kaya sun cika, a kai Legas, wata uku ko fiye.

Sai na samu wata Hajiya Fatu za ta Umara, ta karɓa. Na ce ta sa a babbar jaka. Don tausayinki, wai kada ta fashe, sai ta riƙe a jakar hannu. A filin jirgi suka ƙwace, sun ce ruwan ya wuce ƙa'ida. Ba ta san inda suka kai ta ba.

Ki yi haƙuri. Ki bar wa Allah, ki ci abinci.

Yayarki,
Hajjo

Sabon Birni

Yaya Hajjo,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta same ni ina tankaɗen gero, na ajiye rariyar na sake karantawa. Wata uku, Yaya? Marwan ya ce yana ramewa, har zobensa ya faɗo daga yatsa.

Mi ya rage ban yi tunaninsa ba? Na ce ko in ba 'yan Maraɗi su bi da ita ta Nijar, aka ce can ma jirgin ne dai a ƙarshe. Na ce ko in zuba a kwalbar magani in yi ƙarya, sai na ji tsoron a kama baiwar Allah saboda ni. A littafi da tuni wani attajiri ya fito ya ce, "Taso, ni za ni kai ki." Nan babu kowa sai akuyar maƙwabta da ke cin dangarmu.

Jiya na buɗe akwatinsa don in ji sanyi a raina. Hular da na turara masa tun kafin ya tafi, har yau ƙamshin na nan. Yaya, sun hana ruwa, amma sun hana tufa?

Na hura garwashi a kasko, na kifa kwando, na shimfiɗa mayafina shuɗi wanda yake so. Na yayyafa masa ragowar humrar, ya bushe, na turara, na sake yayyafawa. Sai dai na yi abin da na saba. Zuciyata ta ƙi zama, na ɗauki littafi don in lallashe ta, ban ankara ba turaren ya ƙone, har gefen mayafin ya yi baƙi. Ƙauri ya shiga cikin ƙamshin. Shi da kullum yake cewa wata rana za ni ƙona gidan da littafi a hannu! Na yi kuka har na gaji. Ba ni da sauran turare, kuma hanyar kasuwar Bafarawa ba ta biyuwa yanzu saboda 'yan bindiga balle in samo wani.

Ga shi nan hakanan, cikin leda biyu. Ki ce musu mayafi ne, ba ki yi ƙarya ba. In ma ya lalace, ya tafi dai.

Taki,
Lailatu

Isa

Lailatu,

Gaisuwa. Sun auna, sun rubuta "tufafi", ya hau jirgi. Ma'aikacin ya ce, "Hajiya, wannan mayafin gobara ya tsira?" Na ce ya yi aikinsa. Da na fito Sakkwato inda waya ke aiki, saƙon Marwan ya shigo. Na kwafe miki shi yadda yake, ban taɓa ko harafi ba.

Hajjo

Jidda

Matar Yaya,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso. Da na kwance ledar na ji ƙauri, na so in wanke shi tukuna, sai na ce bari dai. Na ɗora masa a ƙirji. Ya daɗe bai motsa ba. Can ya ja shi zuwa hancinsa, ya ɓata fuska, ya dube ni sosai, ya ce, "Marwan, je ka karɓe littafin nan daga hannunta."

Bai ƙara cewa komai ba tukuna. Amma ya sha kunu da kansa, kuma ya hana a taɓa mayafin.

Ƙaninki,
Marwan