Wa Ya Faɗa Mata Ina Shan Shayi Uku?

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya maigida da yara, ya zaman Agadas? Mu nan Birni lafiya.

Tunda al'adata ta fara ɗaukewa gumi ya dame ni, likita ta tura ni wurin mai ba da shawarar abinci. Ban gama zama ba ta ce, "Hajiya, shayi uku a yini ya yi yawa. A koma zogale, wake da nono."

Ni dai ban faɗa mata ba. 'Yata Mariyama ta rantse ba ita ba ce, amma ƙasa take kallo. Ke kuma kullum kuna waya da ita.

Na rage, gumin ya lafa, amma ban daina bincike ba. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zainabu