Sirdin Keken Saje Dawuda

Sakkwato

Philemon,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aikin walda, ya mutanen Rikoto? Na zaɓi takarda ne saboda in na fara maganar Baba a waya kuka ke cin ƙarfina.

Likitan gashin ƙashi na asibitin da nake aiki ya ce ƙafar Baba da ta shanye za ta iya dawowa, in dai ana motsa ta kullum. In aka bar ta, gwiwar za ta sandare, kuma in ta sandare shi ke nan. Ya ce a nemi keken motsa jiki, irin wanda ake tuƙawa a wuri ɗaya. Ga zane na haɗo maka, na san za ka iya ƙera shi.

Abu ɗaya nake roƙonka: ka auna Baba kafin ka yanka ƙarfe, daga ƙugu zuwa diddige. Tsawon sirdin shi ne komai. Na san kunyarsa kake ji, to ka daure.

Ka gaishe da Mama in ka shiga gida.

Taka,
Leah

Rikoto, Zuru

Leah,

Na samu takardarki ta hannun Muntaka direba. Ina fata kina lafiya.

Keke ya yi kyau, kowa ya gani sai ya tsaya. Amma akwai matsala. Na je gidanku da tef a aljihu, na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni irin kallon nan nashi na saje, sai hannuna ya ƙi fita daga aljihu. Leah, mutumin da nake neman 'yarshi, wanda har yau yake faɗin ban yi mishi golmo ba, ban taɓa riƙe fartanya a gonarshi kamar sauran masu neman aure ba, ta yaya zan ce mishi ya miƙo ƙafa in auna? Sai na dubi hotonshi na soja da ke bango, yana tsaye da bindiga, na ƙiyasta tsawon daga nan. Na yi wa sirdin walda, na kafe shi wuri ɗaya.

Muka kai keken gindin mangwaro. Tsoffin sojoji abokanshi suka zo kallo. Aka ɗora shi, ƙafar ba ta kai feda ba. Ya miƙe don ya kai, ya zame ya faɗi a gabansu. Bai ji ciwo ba, amma tun ranar bai ƙara fitowa tsakar gida ba.

Ban san da wane ido zan dube ki ba.

Naka,
Philemon

Sakkwato

Philemon,

Na gaishe ka, don Mama ta koya mini gaisuwa ko da ina fushi.

Hoto? Hoton da aka ɗauka tun ba a haife ni ba? Wannan mutumin ya tafi, Philemon. Wanda ke cikin ɗakin can tsoho ne, bayansa ya ranƙwafa, ƙafarsa ɗaya ba ta miƙewa. Kunyarka ta ja masa kunyar da ta fi taka.

Mama ta ce ya sa an jefa keken bayan rumbu. Ta ce da safe in tana shafa masa mai, gwiwar ba ta lanƙwasuwa kamar da. Ina tsoro, wallahi ina tsoro. Ina ba marasa lafiya magani hankalina na Zuru. Na nemi hutu an hana ni.

Yanzu ko fasto ya zo da tef, Baba ba zai yarda a auna shi ba, na san halin abina. Ban san abin da za ka yi ba, amma ka yi wani abu kafin ƙafar nan ta tafi.

Allah ya taimake mu.

Leah

Rikoto, Zuru

Leah,

Na karɓi faɗanki. Ya aiki?

Na ɗauko keken na yanke waldar. Tunda ba za a auna shi ba, na yi wanda zai auna kanshi. Bututun sirdin yanzu yana shiga cikin wani, na huda ramuka daga sama har ƙasa, da ƙusa mai zobe wadda hannu ɗaya ke iya zarewa. Hannun keken ma yana matsowa kusa da ƙirji. Na sa ɗamara a fedar dama don ta riƙe ƙafar, na cire sandar tsakiya don kada sai an ɗaga shi. Mama ta gwada, Muntaka da tsawonshi ya gwada, duk ya yi musu.

Na lallaɓa na kai shi ɗakin Baba lokacin da yake bayi, na bar sirdin a ramin sama, don kada ya ce na raina shi. Na fito kafin ya dawo.

Tun daga nan shiru. Yana rufe ƙofa. Mama ta kasa kunne, ta ce wani lokaci kamar tana jin sarƙa na juyawa, wani lokaci ta ce ƙila fanka ce. Kullum in ta shiga shara, sirdin yana sama inda na bar shi. A tsawon nan kuwa ƙafarshi ba za ta kai ba. Ina jin bai taɓa shi ba.

Ki ci gaba da addu'a.

Naka,
Philemon

Zuru

'Yata Leah,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, hannun dama ma ciwon ya taɓa shi.

Uwarki ta ce ba kya barci saboda ni. Ki yi barci. Kullum ina sauke sirdin nan har ramin ƙarshe, in tuƙa, in na gama in mayar da shi sama kafin a buɗe ƙofa. Ashe na rage tsawo haka, ba wanda ya gaya mini.

Yau na taka zuwa bakin ƙofa ba sanda. Kada ki faɗa wa yaron nan wane rami ne. Ki ce masa kawai ya zo ya ci tuwo.

Ubanki,
Saje Dawuda