Ranar da Baba Ya Taka Makwancin Barewa

Bron, Satumba 2013

Zuwa ga Yayana Isufu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida a Tanut. Ya damina? Allah Ya sa a ɗebe amfani lafiya. Mu nan Bron, gefen birnin Lyon, muna cikin rufin asirin Allah. Maigidana Ibrahim Khalil ya koma aiki, ɗiyarmu Sahadatou ta shiga lekol, wato makarantar boko, ɗan'uwanmu Abdul'aziz kuma yana can Saint-Denis kusa da Paris, kullum muna magana ta tarho. Sai dai jikin Baba. Shi ya sa na rubuto ban kira ba, don in na ji muryarka maganar ba za ta fito ba.

Ka san tun da muka kawo shi magani bai saba da zaman bene ba. Ciwon ya shiga ƙashi, wuni yake bakin taga yana kallon tiram, jirgin ƙasan cikin gari. To akwai wani abokin aikina, Gaston, Bafaranshe ne mai son farauta, na taɓa ba shi labarin Baba maharbi ne da aka sani a duk ƙasar Damargu. Su nan ba a harbi sai an buɗe lokaci. Kafin nan mafarauta kan shiga daji ba bindiga, suna neman inda namijin barewa ke kwanciya, don su san wurin yin kwanto ranar buɗi. Gaston ya ce mu zo da Baba ya taya shi dubawa. Da na fassara wa Baba, Yaya, sai da ya yi dariya har da tari, ya ce in gaya wa Bature ya shirya zama ɗan koyo. Rabona da jin dariyarsa tun saukarsa jirgi.

Ran Asabar da hantsi muka tafi wasu tsaunuka yamma da gari. Dajin ba irin namu ba ne, itatuwa dogaye, ƙasa duk busassun ganye, ga sanyi-sanyi. Baba na dogara sanda yana koya mana. Ya ce mace da 'ya'yanta kusa da juna suke kwanciya, namiji kuwa shi kaɗai, a kafaɗar tudu, ya ba iska baya don hanci ya tsare masa inda ido bai kai ba, ya sa ido ga gangare. Gaston ya ce haka nasu ma suke, sai dai na nan kan tone ganye da kofato sai ƙasa ta fito kafin ya kwanta, kuma yakan goge ƙahonsa jikin ƙananan itatuwa har ɓawo ya saluɓe. Suka yi ta musayar sani ta bakina, kamar sun daɗe tare.

Muna hawa wani tudu sai Gaston ya tsaya cak, ya dube ni. Na duba ƙasa. Baba yana tsaye tsakiyar makwancin, ƙafa biyu a ciki, yana ta waige-waige yana cewa nan kusa ya kamata a same shi. Ni da ban san dawa ba na gan shi sarai: fili ɗan kewaye, an share ganye, ga itace a goge a gefe. Na so mu wuce a rufa masa asiri, amma ya ji shirunmu. Ya tambaye ni mene ne, na gaya masa. Daga nan ya durƙusa, ya shafa ƙasar da tafin hannu, ya lalubo gashi ya sansana, ya ce namiji ne, babba, kuma bai daɗe da tashi ba. Gaston ya ce gaskiya ne. Amma da Baba ya zo miƙewa ƙafafu suka ƙi. Goya shi Gaston ya yi har mota, Baba ya rufe fuska da rawani, har muka iso gida bai buɗe ba.

Tun daga ranar nan, cin abinci sai an yi da gaske. Ya ce mini ya san idonsa ya daɗe da raguwa, yana ɓoye mana ne, amma maharbin da ya taka makwanci bai gani ba ya gama aikinsa. Ya ce a ba Ilya ɗan Kawu bakansa da kwarinsa. Abu ɗaya yake maimaitawa, a mai da shi gida.

Lokotoronsa, wata mace ce, ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa magani ya kai iyakarsa, sai rage zafi. Ta ce in tafiya za a yi, yanzu ne, kuma ko yanzu ba ta da tabbacin jikinsa zai ɗauki jirgi da doguwar hanyar mota daga Yamai. Abdul'aziz kuwa ya kafe sai an kai shi Paris wani babban lokotoro ya gani. Ya ce ni na karya wa Baba zuciya da na kai shi daji, in kuma na sa shi jirgi ya cika a hanya, alhakin na wuyana. Ban ga laifinsa ba, so ne, kuma bai ga abin da na gani ba, gani kuwa ya kori ji. Amma Yaya, kai ne babba, maganarka yake ji. Don Allah ka kira shi cikin makon nan ka shawo kansa a mai da Baba gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni dai na daina roƙon Baba ya warke, Allah Ya yafe mini. Roƙona ya kai Tanut da ransa, kuma kullum na ɗaga shi in ba shi ruwa sai in ji ya ƙara rashin nauyi.

Ka gaishe mini da Yaya Safi da yara, da Goggo Fatou, da Kawu Adam da Ilya, da Shafa'atu da jaririnta. Inna kuwa ka gaishe ta da kyau, ka ce ta sa a share ɗakinsa a shimfiɗa sabuwar tabarma. In ta tambayi ranar zuwa, ka ce ban faɗa ba, don ba ni da ita.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Zakiyya