Malafar Mama Arletha

Zuwa ga ƙanwata Corinne,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Lamont, cikin sanyin Detroit ɗin da kika zaɓa wa kanki. Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan. Mu nan Alabama sai godiya. Kawu Purvis har yanzu shi ke tuƙa motar gawa, ido ɗaya ya mutu, amma bai taɓa kai kowa kabarin wani ba.

Na ji saƙon da kika bari a waya, wai in tattara 'yarki Danyelle in turo miki tunda ta sha kunya a gaban jama'a. To ki ji daga bakin wadda aka yi a gabanta. Mama Arletha, shugabar mawaƙan cocinmu, ta rasu, na ba Danyelle ita ta shirya, gawarta ta farko tun da ta karɓo takardar shaidar aikin shirya gawa. Jikar marigayiyar ta turo hoton da za a bi. Ashe a madubi aka ɗauke shi, 'yarki mai ilimin birni ba ta lura ba. Ta tsaga gashi ta hagu, ta karkata malafa ta hagu, alhali tun muna yara kowa ya san malafar Mama Arletha dama take kallo. Na gani tun da safe, na ja bakina na yi shiru. Abin da aka gaya wa mutum yana mantawa, wanda ya ƙone shi kuwa sai kabari.

Da aka buɗe akwati a coci, mijinta Dattijo Hosea ya leƙa, ya juyo ya tambaye ni da ƙarfi wai matar wa muka kawo masa, shi dai wannan bai taɓa cin girkinta ba. Wata daga baya ta ce ai ga irinta nan, an ba 'yar Detroit aikin manya. Danyelle ta fashe da kuka. Na damƙi hannunta na ce ta haɗiye shi, mu gidan Gaskins ba ma satar hawayen masu gawa. Na ce kuma ba za a rufe akwatin ba, nan a idon kowa za ta gyara. Ta ɗauki mataji, ta juya tsaga, ta juya malafa. Tsohon ya sake leƙawa, ya ce yauwa, ga Letharsa nan, haka yake kiranta, sannan ya zauna ya yi nasa kukan.

Bayan biso na ce da ita ga jakarta can, uwarta na jira. Ta ce ba inda za ta. Ta ce ke kika raine ta a kan cewa kakanta kujeru yake sayarwa, sai da ta girma ta gane gawa yake wankewa, kuma ta gwammace a kunyata ta a kan gaskiya da a yaba mata a kan ƙarya. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Kin tafi kina toshe hanci, kin bar ni da Baba da gawarwaki, ko ranar da na shirya shi da hannuna ba ki zo ba. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Mai fenti zai zo ya ƙara sunanta a allon ƙofa, ƙarƙashin nawa.

Saboda haka ki daina jiran ta, ko Kirsimeti ba za ta zo ba, lokacin aikinmu ne. In kina son ganinta, kin san yadda ake shiga gidan nan: ta gaba da ƙafa, ko ta baya a motar Kawu. Duk wadda kika zaɓa, za ta karɓe ki da kyau, yanzu ta iya.

Ki gaishe da Lamont da ɗanki Terrell. Kawu Purvis yana gaisuwa. Danyelle ba ta ba ni saƙo ba.

Yayarki,
Vernell Gaskins