Rasuwar Farfesa Mai Tukwane

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Cibiyar Nazarin Ƙwayar Zarra na sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar Shugaban Sashen Na'urar Cilla Ƙwayoyi, Shehun Malami kuma Babban Injiniya, wanda kowa, har masu gadi, ke kira Mai Tukwane, bayan doguwar jinya.

Laƙabin ya fito ne daga gangunan jan ƙarfen da ke jere a ɗakin ƙasa, waɗanda littattafai suka ba su dogon suna, shi kuwa ya ce tukwane ne. Ta cikinsu ƙwayoyin ke wucewa a guje, igiyar rediyo na ingiza su. Sai dai tukunyar da ta tattara su gaba da baya, ita ce ke watsa su gefe su daki bango. Sauran masana kuwa, maganaɗisu suke sawa ya hana ƙwayoyin watsewa, su huta. Marigayin, da ba a san shi da son hutu ba, nasa ko na wani, ya dage cewa igiyar kaɗai ta isa, muddin aka saita wannan tukunya ta matse, ta gabanta ta sassauta. Yakan ce wa ɗalibansa, “Ƙwaya irinku ce, 'ya'yana. A matse ku kullum ku fashe, a sake ku kullum ku ɓace.”

Ya tafi bai ga ƙarshen aikin ba. Majalisar Gudanarwa, wadda ta fi kowa yawan furanni a ɗakin jinyarsa, ta ba sashen zuwa ƙarshen zangon nan ya nuna ƙwayoyin sun fito a dunƙule, ko a mai da ɗakin tukwanen sito, digirin ɗalibansa na rataye a ciki.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, wadda ta daɗe da daina tambayarsa ƙarfe nawa zai dawo, da 'ya'yansa da jikokinsa. Allah ya jiƙansa, ya ba su juriyar wannan rashi.

Ɗaliban sun yi ta roƙon a bar su su kunna na'urar lokacin da marigayin ke kwance. Ni na hana, na ce su jira mai tukwane ya dawo ya kunna da hannunsa. Na yi kuskure. Makullin ɗakin yana ofishina, su zo su karɓa.

Sa hannun:
Wanda marigayin ke kira Sarkin Surutu,
Kakakin Cibiya.