'Yata Ta Zana Ni Ba Na Dariya

Hajiya Tsahara, assalamu alaikum. Don Allah ki agaje ni da shawara kafin ranar Litinin. Ranar za a karɓi wata takarda da ke jiran sa hannuna, hannun kuwa ya ƙi.

Ni mai garba ne a unguwar Biyafara, nan Treichville. Wato aceke, irin dambun rogon nan, da soyayyen kifi nake sayarwa, yau shekara ashirin da biyu. Ilimina aji huɗu ne na lakwal, wato boko, a Tahoua, na huɗun ma sau biyu na yi shi, don malamai sun kasa rabuwa da ni. Duk wanda ya ci garbana ya san barkono ne kawai nake tambaya ko a sa, ba'a kuwa kyauta ce, dole ka karɓa.

'Yata ta fari, Nuriyya, bana take rubuta birbe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. An ba su takarda kowa ya zaɓi karatun da zai yi a lise, wato babbar sakandare. Yarinyar nan lissafi kamar a nono ta sha, ba dai daga wajena ba. Ni tuni na gama gina mata farmasi, kantin magani, a kaina, can unguwar Indénié, har da farar riga da na'urar sanyaya ɗaki. Sai ga takarda ta dawo an rubuta makarantar zane. Zane fa, Hajiya! Wai har bak, jarrabawar gama lise, ake yi a kansa.

Malaminsu ya kira ni, ya zaunar da ni, ya shiga karanto mini fannonin yana lanƙwasa harshe kamar mai jero sunayen magani. Akwai fenti. Na ce a raina, masu zana zaki a bayan gbaka, motocin hayar nan, a Adjamé wa ya ba su bak? Akwai ginin yumɓu. Kakata tukwane ta gina har ta koma ga Allah, ba ta taɓa ganin ƙofar aji ba, kuma ko ɗaya ba ta taɓa yoyo ba. Akwai sassaƙa, wato in yi wahalar shekara uku a dawo mini da 'ya mai gyaran turmi. Akwai zanen atamfa, akwai zanen talla a kwamfuta, har da wai tsara cikin ɗaki. Mu bakwai ne a ciki da falo. Duk mai son tsara ɗakinmu sai ya fara da korar mutum uku. Na ma tafi da shirin cewa zanen mai rai haramun ne, sai na tuna hoton aurena da ya fi tagarmu girma, na haɗiye maganata.

Daga nan ya buɗe littafin zanenta wai don ya burge ni. Rumfata ce shafi bayan shafi: kaskon mai, kwandon aceke, hannuna da tabon ƙuna har da wanda ni na manta. Ina ta dariya. Sai ya juyo wani shafi. Wani dattijo ne zaune a benci bayan cinikin rana ya watse, kafaɗu sun zube, baki a rufe, ido ya tafi wani gari. Hulata ce a kansa. Hajiya, ni ban san mutumin nan ba. Ko a madubi ban taɓa cin karo da shi ba, don ni madubi ma haƙora nake buɗe masa.

Abin da bakina ya saba shi ya yi. A gaban malamin da Nuriyya da ƙawayenta biyu na ce in akuya ta taka tawada ta bi ta kan takarda, sai ta fi wannan kama da mutum. Na ƙara da cewa in wannan ne karatun, gobe zan kawo takardun da nake naɗe kifi a ba su digiri. Aka yi dariya, ni dama ba a taɓa hana ni ita ba. Nuriyya ma ta yi murmushi, ta rufe littafin, ta miƙo mini da hannu biyu.

Yau kwana tara. Da kanta ta goge makarantar zane ta rubuta kimiyya, ta ajiye takardar a kan talabijin. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi rashin kunya ba. Sai dai ta daina biyowa ta rumfa in an tashi daga lakwal, kuma in na saki barkwanci a gida, ita da ke fara kwashewa, yanzu sai ta sunkuyar da kai. Na nuna wa uwarta, Dije, shafin don ta taya ni cewa ba ni ba ne. Ta duba ta ce ai wannan mutumin take kai wa ruwa kullum da la'asar. Abokina Kalla mai albasa kuwa cewa ya yi in sa hannu in yi sadaka, Allah ya shirya mini 'ya ba ko bulala.

Ga shi na samu abin da nake so. Har gobe ina ganin zane karatun 'ya'yan masu hali ne, waɗanda a takarda kaɗai suka san yunwa. To me ya sa alƙalami ya yi mini nauyi? Littafin yana ƙarƙashin teburin kifi, na naɗe shi a leda kar mai ya taɓa shi. Ki gaya mini gaskiya, amma barkono kaɗan.

Naki, Mai Garba, Biyafara.

*

Wa alaikumus salam, Mai Garba. Kaɗan ka ce, to ga shi.

Tsoronka yana da tushe. Ba duk mai zane ke cin abinci da shi ba, kuma uban da ya shekara ashirin da biyu a bakin mai ba laifi ya so wa 'yarsa inuwa. Amma ba tsoro ne ya yi magana a gaban malamin nan ba. Ka raina fanni shida ba ka ji wa kowa ciwo ba, shafi ɗaya ne ya sa ka zaro wuƙa. Abin da ka kira aikin akuya shi ne kake kare wa mai a cikin leda. Ba a yi wa shara haka.

Kada ka sa hannu a takardar da ke kan talabijin yadda take. Wannan fushi ne cikin ladabi, kuma in ka sa masa hannu zai zauna. Ban kuma ce ka amince da zane ido rufe ba. Kafin Litinin ka rufe rumfa safiya ɗaya, ku tafi makarantar zanen tare da Nuriyya. Ka tambaya ko ana gwaji kafin a shiga, da inda waɗanda suka gama suke aiki yanzu, da fannin da lissafinta zai fi yi mata rana, don zanen atamfa da talla da tsara wuri sana'o'i ne da ake ɗaukar ma'aikata a kansu. Ka tambaya kuma ko akwai hanyar komawa in ta sake ra'ayi. Ta ji amsa da kunnenta. Wataƙila ta zaɓi kimiyya ta riƙe zane a gefe, in da kanta ta yi, madalla. Batun mai rai kuwa, in da gaske yana damunka ka tambayi malami, kada ka mai da shi sandar duka.

Amma kafin duk wannan, littafin. Ka mayar mata a gaban uwarta. Ka ce mutumin da ke kan benci kai ne, kuma ka yi kuskure. Magana biyu ke nan, ba barkwanci a gabansu, babu a bayansu. Na san zai fi maka wuya a kan sa hannu. Biyafara ta daɗe tana cin garbanka tana dariya tana wucewa, 'yarka ce ta tsaya bayan an watse ta dube ka da kyau. Kada ka bari ta daina biyowa ta rumfar.

Allah ya yi wa Nuriyya zaɓin alheri, kai kuma ya sassauta maka hannu da harshe.

Hajiya Tsahara