Rijiya Wajen Baba, Inji Wajen Ƙanensa

Zuwa ga masu girma masu gyaran kundin tsarin mulkin ƙasa, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya cikin sanyin ofis, mai magana da ku Farfesa ne, babban masanin doka, tsohon alƙalin alƙalai, wanda ministoci ke cire takalmi kafin su shiga wajensa. Ku gyara zama.

Na ɗaya. Na binciki wani gida a ƙasar Buza, kusa da Tama. Wa da ƙane ne, Malam Habu da Idi, suna noman albasa a garka guda. Rijiya ta gado ce, injin ban ruwa kuwa Idi ya sawo da guminsa na ci-rani. Da kuka kawo gyaranku na baya, wani ɗan siyasa ya ce wa Malam Habu a ciki akwai hanya da madatsar ruwa. Wani ya ce wa Idi ba komai a ciki sai ƙarin wa'adin mulki. Babu wanda ya karanta musu ko layi guda da Hausa. Wan ya jefa ƙuri'ar "i", ƙanen ya jefa "a'a", aka yi zage-zage a bakin masallaci, aka ja shingen ƙaya a tsakiyar garka. Rijiya ta faɗo wajen Malam Habu, Idi ya ɗauke injinsa. Ga ruwa ba inji, ga inji ba ruwa.

Na biyu. Kundin da suka ɓata saboda shi, ina yake? Kun naɗe shi kun jefar, kun ɗinko wani. Ku da kuka yi ta zagin juna a rediyo, mun gan ku kuna cin naman suna tare. Shingen ƙaya yana nan, ana ƙara masa sabuwa duk shekara.

Na uku, kuma shi ya sa ni rubutu. Bana tsofaffin nan sun fara gaisawa. Idi har ya leƙo ya tambayi zurfin ruwa. Irin albasa ya isa dashe. Sai ga rediyo yana cewa za a sake taɓa kundi, kuma jiya na ji Malam Habu yana gyaran murya irin ta wancan karo. Haba! Wannan kundi ne ko wandon yaro, kullum yana wajen tela?

Abin da nake nema: a karanta kowane gyara da Hausa ran kasuwar Tamaske da Madawa, da ƙarfi, kafin a buga ganga. A faɗi wanda zai ci riba da shi, da sunansa. In ba za ku iya ba, ku bar mana shi har a cire albasa.

Allah ya ba ku tsoronsa, ya ɗora muku kunya ko kaɗan ce.

Wassalam.

Af, batun Farfesa ƙarya nake. Na san in na ce mai ban ruwa ne, tsire za a naɗe da takardar. Sunana Sani, ɗan Malam Habu, allo kaɗai na sani, da ajami na rubuta aka juya mini zuwa boko. Tun da aka ja shingen nan ni ke jan guga da hannu, fangali bayan fangali. Ku zo ku ga tafin hannuna kafin ku sa naku a takarda.